Shigar Zafin Rana ta Gilashi Mai Sheƙi da Gilashi Mai Ƙarancin Tiriri: Nazari a kan Yanayin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda nau'o'in gilashi shida ke barin zafi ya shiga ɗaki a yanayi irin na Kano, inda rana ke da ƙarfi kuma bukatar sanyaya ɗaki ta fi ta ɗumama shi nesa ba kusa ba. An yi amfani da lissafin daidaiton zafi a kan tagar da ke kallon yamma da la'asar ɗin bazara, tare da ma'aunan da aka saba samu ga kowane nau'in gilashi. Sakamakon ya nuna cewa hasken rana da ke ratsa gilashi shi ne ke kawo kaso mafi tsoka na zafin, nason zafi daga iskar waje kuwa kaɗan ne. Saboda haka gilashi mai ƙarancin tiriri da aka ƙera domin ƙasashen sanyi bai rage zafi sosai ba, mai sheƙi ya rage amma ya tafi da haske, mai shafen azurfa uku ne kaɗai ya haɗa biyun. Rumfar taga a kan gilashi gama-gari ta kusa kamo shi.

Muhimman kalmomi: gilashi, tiriri, zafin rana, shafen azurfa, rumfar taga, Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya bi manyan titunan Kano ko Abuja ko Yamai zai lura da yadda gilashi ya mamaye fuskokin sababbin gine-gine, daga bankuna da filazoji har zuwa gidajen zama. Galibinsa shuɗi ne ko ruwan tagulla, mai sheƙi kamar madubi. Magina na dauri, masu tubali da azara, sun bi wata hanya dabam: katanga mai kauri da 'yar taga can sama, wadda iska ke shiga ta cikinta rana kuma ba ta samun wurin zama. Sauyin da aka samu ya zo da farashi, domin duk zafin da ya shiga ta taga sai an biya kuɗin fitar da shi, ko dai a takardar wuta ko a dizal ɗin janareta.

Gilashin gini na zamani ya samo asali ne daga dabarar da kamfanin Pilkington na Ingila ya bayyana a 1959, ta zuba narkakken gilashi a kan narkakkiyar kuza har ya miƙe sumul. Shafen da ke rage tiriri kuwa ya bunƙasa ne bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da Amurka da Turai suka shiga neman hanyar rage kuɗin ɗumama gidaje. Cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya ta taka rawa a wannan aiki, kuma a farkon shekarun 1980 tagogin farko masu irin wannan shafe suka shiga kasuwa. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga mai gini a Kano. An ƙirƙiro fasahar ne domin a tsare zafi a cikin ɗaki, daga baya aka sarrafa ta domin hana shi shiga, kuma duka nau'o'in biyu suna yawo a kasuwa da suna ɗaya. Manufar wannan bincike ita ce a rarrabe su da lissafi, a kuma gwada su da gilashi mai sheƙi da aka fi sani a nan.

2.0 Tushen Nazari

2.1 Zangon haske da zangon zafi

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Tiririn da ke fitowa daga rana da wanda ke fitowa daga katanga mai ɗumi su ma da zango ake bambanta su. Na rana gajere ne, tsakanin maikiromita 0.3 da 2.5. Ido yana ganin abin da ke tsakanin 0.38 da 0.78 ne kawai, kuma wannan wajen rabin ƙarfin rana ne. Kusan rabi yana cikin sashen da ke gaba da ja, wanda ido ba ya gani amma fata na ji, sai ɗan ragowar da ke bayan shuɗi, wanda ke koɗar da labule da kujeru. Tiririn da abubuwa masu ɗumin ɗaki ke fitarwa kuwa dogon zango ne, ƙololuwarsa wajen maikiromita 10.

Gilashi gama-gari yana barin mafi yawan gajeren zango ya wuce, amma dogon zango ba ya ratsa shi; shanye shi yake yi ya sake fitarwa. Wannan ne dalilin da motar da aka ajiye a rana a rufe take zama tanderu. Rana ta shiga, kujeru sun ɗau zafi, zafin kuma ya rasa ƙofar fita.

2.2 Ma'aunai uku

Ma'auni na farko shi ne U, wato yawan wat ɗin zafi da ke naso ta murabba'in mita ɗaya na taga idan bambancin zafin waje da na ciki digiri ɗaya ne. Na biyu shi ne g, wato kason ƙarfin rana da ya ƙare a cikin ɗaki, a haɗa wanda ya ratsa kai tsaye da wanda gilashin ya shanye sannan ya saki ciki. Na uku shi ne kason hasken da ido ke gani wanda ya wuce. Ƙa'idojin Turai EN 673 da EN 410 su ne ke fayyace yadda ake lissafa waɗannan, akwai kuma ISO 9050. Idan aka raba kason haske da g, ana samun adadin da ke nuna ƙwarewar gilashi wajen tace rana: ya karɓi haske ya ƙi zafi.

2.3 Yadda shafen ke aiki

Gilashi mai sheƙi ana shafa masa ƙarfe ko ƙarfen da ya haɗu da iska, mai kaurin da ya isa ya mayar da rana baya. Matsalarsa ita ce ba ya zaɓe. Yadda yake korar zafin da ba a gani haka yake korar hasken da ake bukata.

Mai ƙarancin tiriri ya dogara ne da wata siffa da ake nunawa da ε, wato yadda fuskar abu ke fitar da dogon zango. Ta gilashi tsura 0.84 ce. Shafe iri biyu ne. Akwai mai tauri, na sinadarin kuza, wanda ake ɗorawa tun gilashin na da zafi a masana'anta. Yana sauke ε zuwa wajen 0.15 ko 0.20, yana jure gogayya, amma yana barin mafi yawan rana ta wuce. Akwai kuma mai laushi, na azurfa, wanda ake fesawa a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska. Kaurin azurfar wajen nanomita 10 ne, an sa ta tsakanin wasu siraran shafe da ke hana ta sheƙi a ido, kuma tana sauke ε zuwa 0.04 ko ƙasa. Idan aka jera azurfa biyu ko uku, shafen kan fara korar sashen rana da ke gaba da ja, yana barin haske.

Tasirin ε a tsakanin falle biyu ana iya lissafa shi kai tsaye. Ga fuskoki biyu da ke kallon juna, haɗaɗɗen ε shi ne 1/(1/ε₁ + 1/ε₂ − 1). A ma'aunin Kelbin 300, musayar tiriri mafi girma ita ce 4σT³ (σ adadi ne tsayayye, T kuma zafin a Kelbin), wato wajen 6.1 W/m²K. Falle biyu tsura suna ba da haɗaɗɗen ε na 0.72, musayar ta zama 4.4. Idan ɗaya na da shafe mai tauri na 0.15, ta sauka zuwa 0.9. Da azurfa ta 0.04 kuwa, 0.24 ce kacal. Wannan nasara ce babba, amma a lura da inda ta tsaya: U ta gyara, g ba ruwanta.

3.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An ɗauki Kano, wadda ke wajen digiri 12 arewa da layin ikwaita, a matsayin wurin nazari. An zaɓi tagar yamma da la'asar a watan Afrilu, domin a lokacin ne zafin iska ke kan ganiyarsa kuma rana ta sauko daidai fuskar taga. An ɗauka cewa zafin waje digiri 40 ne, na ciki 25, ƙarfin rana a kan bangon kuma wat 600 a kowace murabba'in mita: 450 daga ƙwayar rana kai tsaye, 150 daga sararin sama da ƙasa. Waɗannan adadi sharuɗɗan lissafi ne da aka zaɓa domin kwatanta nau'o'in a kan mizani ɗaya. Jimillar zafin da ya shiga ita ce U a ninka da bambancin zafi, a haɗa da g a ninka da ƙarfin rana. Ma'aunan gilashin na tsakiyar falle ne mai kaurin milimita 6, ba a sa firam ba, kuma a masu falle biyu iska ce tsura a tsakani.

4.0 Sakamako

Jadawali na 1: Wat ɗin zafin da ke shiga ta murabba'in mita ɗaya

| Nau'in gilashi | U | g | Haske | Naso | Rana | Jimilla |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Falle ɗaya, garau | 5.7 | 0.82 | 0.88 | 86 | 492 | 578 |
| Falle ɗaya, ruwan tagulla | 5.7 | 0.62 | 0.50 | 86 | 372 | 458 |
| Falle ɗaya, mai sheƙi | 5.7 | 0.30 | 0.20 | 86 | 180 | 266 |
| Falle biyu, garau | 2.8 | 0.70 | 0.79 | 42 | 420 | 462 |
| Falle biyu, shafe mai tauri | 1.8 | 0.68 | 0.74 | 27 | 408 | 435 |
| Falle biyu, azurfa uku | 1.6 | 0.27 | 0.64 | 24 | 162 | 186 |

Abu na farko da jadawalin ya nuna shi ne, a gilashi garau falle ɗaya, kashi 85 cikin 100 na zafin daga rana yake. Ko da za a kawar da naso gaba ɗaya, wat 492 na nan daram. Shi ya sa ƙara falle na biyu, da duk tsadarsa da nauyinsa, ya rage kashi 20 cikin 100 kawai, daidai da abin da rinin tagulla ya yi a falle ɗaya. Shafe mai tauri ya sauke U zuwa ƙasa da sulusin na farko, amma jimillar ta ragu da kashi 25 cikin 100 ne kurum.

Domin a ga nauyin abin a aljihu, a ɗauki ofis mai tagar yamma ta murabba'in mita 10. Iyakwandishan mai ƙarfin doki ɗaya da rabi yana fitar da zafi wajen kilowat 3.5. Gilashi garau yana shigo da kilowat 5.8, wato na'ura ɗaya da rabi da ɗoriya suna aiki domin tagar kaɗai, kafin a zo ga rufi da mutane da kwamfutoci. Mai azurfa uku yana shigo da kilowat 1.9.

An kuma gwada yanayi na bakwai: gilashi garau falle ɗaya da aka kare daga ƙwayar rana ta waje, ya rage saura wat 150. Zafin rana ya zama 123, jimilla 209. Wannan ya fi mai sheƙi, kuma tazararsa da mai azurfa uku wat 23 ce. Idan aka haɗa inuwar da azurfa uku, jimillar ta sauka zuwa wajen 65.

5.0 Tattaunawa

5.1 Suna ɗaya, aiki biyu

Shafe mai tauri ba shi da laifi a inda aka yi shi dominsa. A Ingila ko Jamus, mai gida yana son ranar hunturu ta shiga kuma ɗumin ya zauna, don haka U ƙarama da g babba su ne burinsa. A Kano kuwa wannan haɗi tarko ne: rana ta shiga da yamma, gilashin kuma ya hana zafin fita da dare, lokacin da iskar waje ta yi sanyi kuma falle ɗaya tsura da ya saki wani abu. A ɗakin da babu iyakwandishan, ko akwai amma an ɗauke wuta, bambancin zafin ciki da waje ƙanƙani ne, amfanin U ma sai ya ƙara raguwa. Mai sayen da aka ce masa gilashin mai ƙarancin tiriri ne, bai kuma nemi ganin g ba, yana iya biyan kuɗi mai yawa ya sayo maganin ciwon da ba shi ne ke damunsa ba.

Wurin da shafen yake shi ma yana da tasiri. Ana ƙirga fuskokin falle biyu daga waje: ta 1 tana kallon titi, ta 2 da ta 3 suna kallon juna, ta 4 tana kallon ɗaki. A ƙasar zafi a fuska ta 2 ake son shafen, domin zafin da fallen waje ya shanye ya koma waje. A ƙasar sanyi ana sa shi a ta 3. Mai aikin alminiyam da ya juya fallen wajen haɗawa ya canza g ɗin tagar, kuma ido ba zai gane ba.

5.2 Kuɗin da mai sheƙi ke karɓa

Ba banza ba mai sheƙi ya karɓu a kasuwa. Falle ɗaya ne, ana yanka shi a shago, yana shiga firam ɗin da aka saba, kuma ya rage fiye da rabin zafin. Amma ƙwarewarsa ta tacewa 0.67 ce, ƙasa da ta gilashi garau mai 1.07, balle ta azurfa uku mai 2.37. Ɗakin da kashi 20 cikin 100 na haske kaɗai ke shiga, sau da yawa sai an kunna fitila da rana tsaka, fitilar kuma wuta take ci, zafi take ƙarawa.

Akwai batun sirri, wanda a gidan Bahaushe ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa suna zaɓar mai sheƙi domin na waje ba ya ganin na ciki. Wannan gaskiya ne muddin waje ya fi ciki haske. Da magariba ta yi aka kunna fitila, lamarin juyawa yake: mai wucewa yana ganin iyali sarai, su kuwa fuskokinsu suke gani a taga.

Sannan zafin da aka mayar ba ɓacewa yake yi ba, kan wani yake sauka. A shekarar 2013, bene mai lamba 20 a titin Fenchurch na Landan, wanda fuskarsa ta kudu ta lanƙwasa ciki, ya tattara hasken rana a kan titi har ya narkar da sassan wata mota ƙirar Jaguar, sai da aka bi fuskar da shingayen inuwa. An ga irin haka a otal ɗin Vdara na Las Begas a 2010. Waɗannan misalai ne na ƙarshen lamari, domin lanƙwasar ce ta tara hasken wuri ɗaya. Amma ko bango miƙaƙƙe yana jefa ranar la'asar a kan shagon da ke tsallaken titi, da idon direba, da mai talla a gindin bene. Singafo ta ƙayyade sheƙin gilashin gini da kada ya wuce kashi 20 cikin 100 saboda irin wannan.

5.3 Inuwa da ɓangaren da taga ke kallo

A Kano rana tana bi ta tsakiyar ka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta. Tsakanin waɗannan lokuta tana karkata arewa, sauran shekara kuma kudu. A watan Yuni tsayinta da tsakar rana wajen digiri 79 ne, saboda haka rumfa mai zurfin santimita 30 ta isa ta rufe tagar arewa mai tsayin mita 1.5. A Disamba tana sauka zuwa digiri 55 ta kudu, rumfar da ake bukata ta ɗan haura mita 1. Duka biyun abu ne da birkila zai zuba da kankare ba tare da wata wahala ba.

Gabas da yamma ne ke da wuya. Idan rana ta sauko zuwa digiri 30, taga mai tsayin mita 1.5 tana bukatar rumfa mai zurfin mita 2.6, wato baranda sosai. A nan ne kuɗin azurfa uku ke biyan kansa, idan babu halin baranda ko bishiya ko shingen katako a waje. Labule na ciki ba ya maye gurbin waɗannan, domin kafin rana ta same shi ta riga ta shiga ɗaki.

Inuwa ma tana da iyaka. Lokacin hazo ƙura tana warwatsa hasken, kason da ke zuwa daga sararin sama ya ƙaru, rumfa kuwa ƙwayar rana ta fi tarewa. Idan aka ɗaga wannan kaso daga wat 150 zuwa 250, gilashi garau mai inuwa zai shigo da 291, ya koma bayan mai sheƙi. Sauƙin abin shi ne hazo ya fi yawa a hunturu, lokacin da bukatar sanyaya ɗaki ke raguwa. Ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Najeriya ta fitar a 2017 ta bi wannan hanya, inda ta sa iyakar taga a kashi 20 cikin 100 na bango, abin da ya haura kuma sai da inuwa. Lissafin da ke sama yana goyon bayan wannan tsari, sai dai zai ƙara ƙarfi idan aka gindaya iyakar g ga tagogin gabas da yamma.

5.4 Firam da ɗorewa

Adadin jadawalin na tsakiyar falle ne, taga kuwa har da firam. Alminiyam yana ɗaukar zafi fiye da gilashi sau ɗari da ɗoriya, don haka firam ɗin da ba a raba wajensa da cikinsa da roba ba yana cinye wani ɓangare na ribar falle biyu. Tagar turawa mai gibi kuma tana shigo da iska mai zafi da ƙura ta gefe, komai kyan gilashin.

Shafen azurfa ba ya rayuwa a fili; danshi yana ɓata shi, dole ya zauna a rufe tsakanin falle biyu. Rayuwar tagar ta dogara ke nan da liƙin gefenta. Iskar da ke tsakani tana kumbura da rana ta tsuke da dare, kuma a hunturun Kano tazarar zafin dare da rana takan haura digiri 15, liƙin yana shan ja kullum. Ranar da ya buɗe, raɓa ta shiga, azurfar ta dushe, kuma babu gyara sai sauyi. Irin wannan falle ba a yanka shi a wurin aiki, a masana'anta ake haɗa shi bisa awo, saboda haka fashewar ɗaya na nufin jira. Gilashi mai rini da mai sheƙi su kuma suna shanye zafi da yawa, idan rabin falle na rana rabi na inuwa yana iya tsagewa daga gefe, shi ya sa ake gasa su domin ƙarin ƙarfi. Azurfa kuma tana raunana sabis ɗin wayar salula a cikin bene da aka lulluɓe da ita, abin da mai zanen ofis ya kamata ya tanadar wa na'urar ƙarfafa sabis tun a takarda, kafin a ɗaura gilashin.